Ashirin ɗin da Paschal Ya Riƙe

Ranar Asabar da hantsi Chinwe ta zo Samaru. Ta tarar da Japheth a ɗan lambunsa yana kafa wa tumatir sanduna. Tun daga ƙofa ya gane ta, duk da cewa rabonsa da ita shekara biyu, tun jana'izar mahaifiyarta. 'Yar amininsa ce, Paschal Nwankwo mai gyaran agogo na Sabon Gari. A Zariya aka haife ta, amma yanzu a Inugu take aikin jinya.

Ta rusuna ta gaishe shi. Sai da ta sha ruwa sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Maƙwabta ne suka kira ta a waya. Sau biyu mahaifinta yana ɗora tukunya a kan risho ya fita ya bar ta, na biyun har hayaƙi ya cika tsakar gida. Ta ɗauki hutun mako guda ta taho. Ta kai shi wurin likita, likita ya tambaye shi ranar wata da sunan unguwa da sunayen jikokinsa, ya amsa duka daidai, ya kuma gaya wa likitan cewa agogon bangonsa yana baya da minti huɗu.

"Kun san Papa," in ji ta. "In ya ga baƙo sai ya miƙe tsaf. Ni kuma ba na nan, ban san yadda yake ba in babu mai kallo."

"Me shi ya ce game da tukunyar?"

"Wai sharrin maƙwabta ne. Ya ce ko a akwatin gawa ba za a kai shi Inugu ba, bai san kowa a can ba." Ta juya kofin a hannunta. "Baba, Juma'a zan koma. In kansa lafiya, zan bar shi, in sa matar da ke kusa ta riƙa leƙa shi. In ba lafiya ba, da shi zan tafi ko yana zagina. Ku ne kuke zama da shi kowace Lahadi. A gaban karta ba zai iya ɓoye komai ba. Gobe ku duba mini shi, abin da kuka ce shi zan yi."

Japheth ya yi shekara talatin da biyar a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar binciken noma, yana auna iri yana rubuta abin da ma'auni ya nuna. An san shi da rashin ƙara wa lamba ko rage mata. Ya san dalilin da ya sa ta zo wurinsa ke nan maimakon wurin Abiodun, na ukunsu a teburin. Ya saurari cikinsa ko zai ji wani abu, bai ji komai ba. Ya ce mata to, Allah ya kai mu.

Washegari bayan an tashi daga coci ya hau motar Sabon Gari, ya sauka a PZ, ya ƙarasa da ƙafa. Ƙarfe biyu saura kwata ya isa. An riga an fito da teburin baranda. Abiodun, tsohon tela mai ƙiba da yawan surutu, yana zaune yana fifita da murfin kwali.

"Ga Farfesa nan," in ji shi. "Yau ma an zo ƙirga mana katuna kamar ƙwayar dawa."

"Bar shi ya ƙirga," in ji Paschal daga cikin ɗaki. "Shekara arba'in yana ƙirgawa, ni ina cinyewa."

Ya fito sanye da farar riga mai guga, tabarau a kan hanci, kwalin karta a hannu. Chinwe ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa da tiren wake tana tsincewa.

Wot suke yi, kuma wasa ne mai sauƙin bayani. Kati hamsin da huɗu ne, zane iri biyar: ƙwallo, dala, kuros, akwati da tauraro, kowane kati da lambarsa. Mutum yana bin katin da ke ƙasa da zane irin nasa ko lamba irin tasa. In ba shi da ko ɗaya sai ya je kasuwa, wato ya ɗauki kati guda daga tarin da aka kife a gefe, layi ya wuce shi. Akwai katuna biyar masu lamba ashirin waɗanda ba su da zane. Ashirin tana hawa kan kowane kati, mai ita kuma ya kira zanen da yake so a bi. Wanda ya fara zubar da hannunsa ya ci. In kasuwa ta ƙare ba wanda ya fita, a teburinsu wasa ya tsaya ke nan: kowa ya shimfiɗa abin da ya rage masa, a haɗa lambobi, tauraro a ninka shi biyu, mai ƙaramin jimla ya ci. Ba a sa komai a wasan. Layin alli kawai ake ja wa wanda ya ci a jikin bangon baranda.

Wasa huɗu na farko duk sun ƙare da fitar wani. Paschal ya ci biyu, Abiodun ɗaya, Japheth ɗaya. Japheth yana kallon yatsun abokinsa, da yadda yake jera katunansa, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya jefa. Bai ga abin da zai ce ba. Hadari ya taso daga gabas ya tsaya bai zubo ba.

Wasa na biyar ya ja. Kowa yana toshe kowa, kasuwa tana raguwa. Japheth ne ke jefawa, sai Paschal, sai Abiodun. Can Abiodun ya buga kuros goma a kan tebur da ƙarfi.

"Saura ɗaya," ya ce. "Ku fara yi wa juna ta'aziyya."

Japheth ya dubi hannunsa. Kati uku gare shi: kuros bakwai, ƙwallo uku, dala huɗu. Kuros tara ne a cikin kwali, takwas sun riga sun faɗi. Bakwai guda biyar ne, huɗu sun faɗi. In ya ajiye kuros bakwai, babu wani kati da zai hau kansa sai ashirin, ita ma huɗu sun fita, saura ɗaya. Kasuwa kuwa kati biyu ya rage mata. Ya ajiye. Lissafinsa shi ne kowa ya tafi kasuwa, ta ƙare, a ƙirga, shi yana riƙe da bakwai kacal.

Paschal ya dubi katin ƙasa, ya dubi kati ɗayan da Abiodun ya danne a ƙirji. Ya yi ɗan murmushi irin wanda yake yi in ya gano ciwon agogo. Ya miƙa hannu ya ɗauki kati daga kasuwa.

Abiodun ya yi tsaki ya ɗauki na ƙarshe. "Shi ke nan, an tashi kasuwa. A buɗe."

A nan Paschal ya yi wani abu da bai fi daƙiƙa uku ba. Ya ɗaga kuros bakwai ɗin ya ajiye shi gefe, ya fara tattaro sauran katunan da aka jefa zuwa gabansa.

"Ina za ka kai su, Oga?" in ji Abiodun. "Ba a ƙirga ba tukuna. Buɗe hannunka mu gani."

Paschal ya tsaya da hannu a kan katunan. Ya dubi Abiodun, ya dubi Japheth, ya waiwaya wajen 'yarsa. Sannan ya saki, ya shimfiɗa nasa. Akwati goma, tauraro huɗu, ƙwallo sha ɗayan da ya ɗauko, da ashirin.

Abiodun ya yi dariya har yana tari. "Ashirin a hannu ka tafi kasuwa? Arba'in da tara. Ko jikata Omolara ba ta yin haka. Me kake ajiye ta, za ka yi mata aure ne?"

"Ja wa Farfesa layinsa ka rufe mana baki," in ji Paschal.

Chinwe ta daina tsince wake. An yi wasa biyu bayan wannan, Paschal ya ci ɗaya.

Da ta rako Japheth bakin titi ta tambaye shi. Ya ce ta ba shi zuwa Talata.

Litinin da safe ya share teburin cin abincinsa, ya ɗauko tasa kartar ya jera wasan kamar yadda ya tsaya. Abiodun yana da ƙwallo sha uku. Katuna biyun kasuwa ƙwallo sha ɗaya ne da dala sha biyu. Da Paschal ya jefa ashirin ya kira akwati ko tauraro, da Abiodun bai iya bi ba, ya ɗauki sha ɗaya ya tashi da ashirin da huɗu. Shi Japheth ya ɗauki sha biyu ya tashi da sha tara. Paschal ya tsaya a sha takwas, ya ci da tazarar ɗaya. Ko da bai san abin da ke hannun sauran ba, duk mai wasa ya san cewa in kasuwa ta kusa ƙarewa ashirin ta zama dutse a aljihu. Da farko ita ce katin da ya fi kowanne amfani, a ƙarshe ita ce ta fi kowanne nauyi. Paschal ne ya koya masa wannan.

Ya juya abin ta kowace fuska bai sami hanyar da riƙe ta zai zama dabara ba. Kuskure ne. Amma murmushin bai yi kama da na mai kuskure ba, kuma mutumin da ya manta yana da ashirin ba ya jera ta a ƙarshen hannu ta dama, inda Paschal yake ajiye katin da yake ji da shi.

Ya tashi ya ba tumatir ruwa duk da ƙasa tana da laima. Ya dawo ya zauna. Sai ya kwaikwayi abin da Paschal ya yi da hannunsa: ya ɗaga kuros bakwai ya ajiye gefe, ya tattaro sauran. Yatsunsa suka ci gaba da kansu, suka daidaita katunan suka fara cakuɗa su.

A da haka suke yi. In kasuwa ta ƙare sai a bar katin sama, a cakuɗa sauran a kife, sun zama sabuwar kasuwa, a ci gaba har sai wani ya fita. Ba ƙirga ba komai. Wasa ɗaya yakan ci awa guda. Sun daina ne wata shekara da aka yi tashin hankali aka sa dokar hana fita daga ƙarfe shida, ya zama dole Japheth ya kama hanyar Samaru da wuri. Paschal ne da kansa ya kawo shawarar a riƙa tsayawa a ƙirga. An ɗage dokar, su ba su koma tsohon tsari ba. An fi shekara talatin.

Ya sake duba teburin da wancan tsarin. Ƙofa a kulle, mabuɗi ɗaya, yana hannun Paschal. In ya buɗe, mai bin sa Abiodun ne da kati ɗaya, ana iya kiran zanen da zai fitar da shi. In ya bar ta a kulle, dole Abiodun ya ɗauka ya koma kati biyu, Japheth ma ya ɗauka, layi ya dawo kan Paschal da ashirin ɗinsa babu mai barazanar fita. Kati ɗaya ya biya ya sayi wannan. Babu wasan da ya fi shi. Kuma ba ya yiwuwa sai ga wanda ya bi kuros tara da bakwai biyar da ashirin huɗu a ka, yana hira yana zolaya.

Japheth ya daɗe yana kallon katunan. Ya tuna cewa Lahadi biyu da suka wuce kasuwa ta ƙare, Paschal ya ƙirga nasa tare da kowa ba gardama. Ya mayar da kartar kwali ya ɗora ruwan shayi.

Talata da la'asar ya tarar da Paschal a baranda ya kwance cikin wani tsohon agogon tebur a kan jarida. Ba wanda ya kawo gyara, nasa ne yake kwancewa yana mayarwa.

"Yau ba Lahadi ba ce," in ji Paschal ba tare da ya ɗago ba. "Ko an kore ka daga Samaru?"

"Ashirin ɗin nan ce ta hana ni sakat. Me ya sa ka riƙe ta?"

Paschal ya cire gilashin ido ɗaya da yake duba agogo da shi. "Kai ma sai na yi maka karatu? Ka kulle ƙofa da kuros na tara, bakwai na biyar. Na ce madalla, Farfesa ya yi mini aiki. In buɗe wa Tela ya fice? A'a. Ya ɗauka, a juya kasuwa, kai ma ka ɗauka, sannan in zo in kira ƙwallo. Ƙwallo uku ne kawai ba su faɗi ba, ɗaya nawa."

Japheth ya lissafa a ka. Uku ne.

"Sai ga shi an ƙirga," ya ce.

"Wannan kuma sabon salon Tela ne." Paschal ya rage murya. "Ban san inda ya samo shi ba. Kai ma ka biye masa. Na yi shiru ne don yarinya tana zaune, kada ta ga tsofaffi suna faɗa a kan kati. Amma Lahadi mai zuwa ka gaya masa, a gidana ba a tsayar da wasa a tsakiya."

"Zan gaya masa."

"Ka sha wani abu?"

"Na sha."

Chinwe tana tsakar gida tana kwashe shanya. Da ta gan shi ta tsaya da zanin gado a kafaɗa.

"Na duba wasan," ya ce. "Ba ɓata ya yi ba. Katin da ya riƙe, da dalili ya riƙe shi. Ya san duk abin da ya faɗi a teburin, kati sama da arba'in, har da waɗanda ni ban bi ba. Ko a da can ban fi shi wannan ba."

Ta sauke numfashi, kafaɗunta suka sauka. "Mun gode Allah. Wallahi Baba, kwana biyu ban—" Ta yi dariya kaɗan ta goge fuska da gefen zanin. "To zan yi magana da maƙwabciyarsa Mama Busola ta riƙa leƙowa safe da yamma. Rishon kuma in sauya masa."

Japheth ya ga cewa yana iya tsayawa a nan. Babu ƙarya a cikin abin da ya faɗa. Zai iya gaya wa Abiodun su koma juya kasuwa, ba wanda zai sake ganin komai. Daga baranda yana jin ƙaran ƙananan ƙarafa a kan jarida.

"Ban gama ba," ya ce. "Wasan daidai ne, amma a tsarin da muka bari tun kina firamare. Shi ya sauya tsarin da bakinsa. Mun fi shekara talatin muna yin sabon, kowane mako. Yanzu na tambaye shi, bai san an taɓa yi ba. Yana ganin Abiodun ne ya ƙirƙiro shi shekaranjiya."

Ta ninke zanin biyu, ta sake ninkewa.

"Mako biyu da suka wuce ya sani," in ji Japheth. "Lahadi bai sani ba, yau ma bai sani ba. Gobe ban san me zai sani ba. Abin da na gani ke nan."

"Da kun tsaya a na farkon, da na yarda."

"Na sani."

"In ku ne, me za ku yi?"

"Ba ki tambaye ni wannan ba ranar Asabar."

"Yanzu ina tambaya."

Ya dubi rishon da ke ƙofar kicin, gefensa ɗaya ya yi baƙi. "Ki tafi da shi," ya ce.

An yi rigima kwana biyu. Abiodun ne ya ba Japheth labari a waya: Paschal ya fasa kofi, ya kira Chinwe da sunan da bai taɓa kiranta da shi ba, ya kulle kansa a ɗaki rabin yini. Daga baya ya fito ya ce zai je ya ga jikokinsa, amma kwana kaɗan zai yi. Ba wanda ya gyara masa. Ba a gaya masa wanda ya ba da shawarar ba, shi ma bai tambaya ba.

Juma'a ƙarfe bakwai na safe Japheth yana tashar motocin kudu. Paschal ya hana a ɗora akwatin kayan aikinsa a bayan mota, ya riƙe shi a cinya. An ba shi kujerar taga. Chinwe ta gaishe da Japheth ta shiga ba tare da ta haɗa ido da shi ba.

"Ka yi wa Tela maganar?" in ji Paschal ta taga.

"Na yi."

"Me ya ce?"

"Ya ce yadda ka ce haka za a yi."

"Da ma ya sani. Ku yi ta fama ku biyu kafin in dawo. Kada ka bari ya raba, yana leƙen ƙasan kati."

Motar ta tashi ƙarfe takwas saura ashirin da biyar. Japheth ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya tako zuwa inda ake hawan motar Samaru. Ya sami wuri a baya, tsakanin wata ɗaliba da wani mai buhun barkono. Wajen Kwangila aka fara yayyafi, kwandasta ya ja gilashi.

Ya kama kansa yana tunanin yadda wasan mutum biyu yake. Ana yinsa. Sai dai lamba ɗaya, wadda ke ba mutum damar sake jefawa, da lamba takwas, wadda ke tsallake na kusa da shi, in mutum biyu ne aikinsu ya zama iri ɗaya. Kasuwa kuma da wuya ta ƙare. Ya ci gaba da bin sauran katunan ɗaya bayan ɗaya, yana duba wanda zai rage daraja da wanda zai ƙaru, har kwandasta ya taɓa shi ya ce Baba an iso.